Baƙuwa a Gidan Inno

Batsari. Talata, da hantsi

Malam Hashimu, limamin garin nan, ya aiko mini da kurtun tawada da alƙalamin kara. Mata ne suka kai masa labari cewa Saratu, baƙuwar gidan Inno, ta iya rubutu, amma daga hagu take farawa. Takarda kuwa ina da ragowar wadda aka ba ni a majami'armu ta Lakwaja. Ba ni da wanda zan buɗe wa cikina a nan, bari in buɗe wa ita.

Maigida yana kwance tun ranar Asabar. Wanzami Mamman ya cire kibiyar da aka harbe shi da ita a ƙofar yamma daga cinyarsa, kan ƙarfen ya fito duka, bai karye a ciki ba. Na gode wa Allah da wannan. Na gode kuma da aka sami makarin dafi nan take. Ban san inda Inno ta samo shi ba, kafin in dawo hayyacina har ta jiƙa ta ɗura masa. Mamman ya ce da an yi jinkiri kaɗan da yanzu wani zancen ake yi.

Da ayarin Madugu Gambo muka zo, da ɗan goro da allurai, amma ba ciniki ne ya kawo maigida ba. Barau sunansa. A wata unguwar Maguzawa ta bayan Yasore aka haife shi, aka kama shi yana yaro, aka yi ta sayar da shi har bakin Kwara, inda mutanen majami'a suka fanshe shi. Tun da aka ɗaura mana aure yake cewa sai ya ga inda aka binne cibiyarsa. Mun bar 'yarmu Talatu wurin mahaifiyata. Na ce mata za mu dawo kafin damina ta zauna.

Talata, da la'asar

Ya sha kunu. Ya ce tsamiya ta yi yawa. Ban taɓa jin daɗin ƙorafi kamar yau ba.

Laraba, da azahar

Bari in rubuta mutanen gidan nan, don kada wata rana in manta alherinsu.

Inno tsohuwa ce mai sana'ar daddawa, ƙanshinta ya kama ko'ina har zannuwana. Ranar da muka sauka, aka rasa mai karɓar Nasara, ita ta ce a kawo mu. Ta bar mana ɗakinta, ta koma kwana kusa da madafa. Ɗiyata take ce mini. Tana da ɗa ɗaya da ya rage mata, Muntaka, autanta, da matarsa Maijidda mai goyo. Muntaka manomi ne, dogo, maras magana. Kullum da safe sai in tarar da tulu cike da ruwa da damin itace a ƙofar ɗaki, amma bai taɓa leƙowa ba. Jiya ya yanka zakaransu don a yi wa maigida romo. Na fita in yi masa godiya, ya sunkuyar da kai ya wuce. Mutanen nan akwai kunya.

Inno ta tambaye ni ina muke fuskanta idan za mu yi ibada. Na ce ko'ina. Ta ɗauki tsintsiya ta share mini wani lungu bayan rumbu, ta shimfiɗa tabarma, ta ce, “To ga naki wurin. Ba mai takura miki.”

Na gode wa Allah da Inno.

Alhamis, bayan asuba

An sake yin kuwwar hari, kamar ranar Asabar. Maza suka yi ta gudu zuwa bakin kafi da kwari da baka, mata suka tattara yara cikin ɗakuna. Har rana ta fito ba a ga kowa ba. Wasu sun ce an hango dawakin Maraɗawa a gefen Dajin Rugu, wasu sun ce ba su ba ne, wasu mutane ne dabam. Ba mai faɗin abu ɗaya. Tun zuwanmu haka garin yake, ana rufe ƙofa rana ba ta gama faɗuwa ba, ba a zuwa rijiyar waje sai da rakiya.

Na tambayi Maijidda su wa suke gadin ƙofar yamma ranar Asabar. Ta ce tuwonta zai kama, ta tashi.

Jumma'a, da hantsi

Yau ya sami ƙarfin ba ni labarin zuwansa Yasore. Ya tarar da unguwarsu ta zama kufai. Ba gida ko ɗaya, sai tsamiyar da suke wasa a gindinta da wani dutsen niƙa da ya rabe biyu. Ya ce yana jin na mahaifiyarsa ne, ko da yake duk dutsen niƙa kamarsu ɗaya. Ya zauna a kai ya yi ta zama har ya manta da rana. Da ya farga sai ya kama gudu don kada a rufe ƙofa yana waje. Ya iso da almuru, yana haki, da hular Nufawa a kansa, yana ɗaga hannu yana kira a jira shi. Sai yanzu ya tuna da Nufanci ya yi kiran, don shi ne ya fara zuwa bakinsa.

Ya yi dariya da ya faɗi wannan. Ni ban yi ba.

Ya ce duk da haka ya gode da ya ga wurin. Na ce ni ma na gode. Gaskiya ne, na gode, da ya dawo bai gani ba da ya fi ciwo.

Lahadi, da hantsi

Mun yi sujadarmu mu biyu a ɗaki. Ni na yi karatu, shi ya ja waƙa da wannan murya tasa da ba ta taɓa bin hanya ba. Muna farawa na ji Inno ta ce wa Maijidda ta ajiye taɓarya. Gidan ya yi tsit har muka gama. Ba wanda ya roƙe su.

Zafi ya yi yawa. Hadari yana haɗuwa a gabas ya watse.

Litinin, da la'asar

Cinyar ta kumbura. Mamman ya matse, ya sa garin magani, ya ce a bar ƙofa buɗe iska ta shiga.

Laraba, da azahar

Madugu Gambo ya tafi da ayari yau. Ban ga laifinsa ba, yana da mutane da dabbobi, kuma idan ruwa ya sauka koguna za su tare shi. Ya sayar mana da goronmu, ya bar mana jakinmu, ya ce akwai wani ayari da zai biyo daga Katsina bayan shuka, zai bar sallahu a ɗauke mu. Na raka shi zaure. Ya tsaya yana wasa da igiyar takalminsa, sannan ya ce shi ba zai tafi da magana a ciki ba, don a hannunsa muka zo.

Ya gaya mini wanda yake kan ƙofar yamma.

Shi ya sa makarin yake kusa. Kowane maharbi yana ajiye makarin dafinsa a gida.

Laraba, da magariba

Ba zan rubuta komai ba.

Alhamis, da hantsi

Ashe maigida ya sani. Tun ranar ya sani. Ya ce wanda ya harbe shi, Muntaka, shi ne ya diro daga kan kafi ya goya shi har gidan nan, yana gudu yana kuka yana kiran sunan Allah, har hawayen suna zuba a hannun maigida da ya sarƙafo wuyansa.

Na tambaye shi don me ya ɓoye mini. Ya ce don in iya cin abinci. Na ce ya bar ni ina zuba godiya kamar wawuya a gaban mutanen da suka kwantar da shi. Ya ce godiyar ba ta ɓaci ba, ruwan da aka kawo ruwa ne, zakaran ma zakara ne. Na ɗaga murya. Na ce masa abubuwa. Na ce shi ya kawo mu wannan ƙasa don dutsen niƙa, ya bar 'yarsa a bakin kogi. Ya juya fuskarsa bango.

Shekarunmu da aure ban taɓa yi masa haka ba, sai da yake kwance.

Jumma'a, da safe

Tulu da itace suna ƙofa. Na tsallake su, na bi matan maƙwabta rijiya na ɗebo nawa.

Asabar, da la'asar

Na daina cin tuwon Inno. Na haɗa duwatsu uku bayan rumbu ina dafa nawa.  Kullum tana ajiye akushi a inda ta saba, kullum tana ɗaukewa yadda ta ajiye.

Addu'ar da Ubangiji ya koya mana, wadda nake yi tun ban iya ɗaura zane ba, yau na kai wurin da ake roƙon gafara gwargwadon yadda mu ma muke gafartawa, na tsaya. Na koma farko, na sake tsayawa a nan. Idan da wannan mudun za a auna mini, na shiga uku.

Abin godiya na yau: ya yi barci da rana. Ban sami wani ba.

Lahadi, da azahar

Na roƙe shi gafarar maganganun ranar Alhamis. Ya ce wace Alhamis? Ya kama hannuna. Hannunsa zafi kamar an ciro daga murhu.

Cinyar ta fara wari. Mamman ya duba, ya daɗe bai ɗago ba. Da zai fita ya ce mini a yi ta addu'a, kowa da irin tasa.

Litinin, da la'asar

Inno ta same ni bayan rumbu. Ta zauna a ƙasa, ba a kan tabarmar ba. Ta ce ba roƙona ta zo yi ba, akwai dai abin da take so in sani.

A da tana da babban ɗa. Shekarun baya, wata ranar kaka, wani mutum ya taho ƙofar yamma da gudu yana ɗaga hannu. Muntaka yana kan gadi, ya ɗana kibiya, ya ga mutumin kamar matafiyi ne mai neman mafaka, ya sauke baka, ya ce a buɗe. Mahaya suna bayansa. Wansa ne ya fara faɗuwa a bakin ƙofar. Tun daga ranar, in ji ta, autanta bai sake cikakken barci ba, kuma ba a sake jin dariyarsa a gidan nan ba.

Na ce mata ina so in tambaye ta abu ɗaya. Duk abin da ta yi mana, tausayi ne ko tsoro?

Ta ce, “Ɗaki na ba ku tun babu kibiya. Abin da ya biyo baya kuwa, ɗiyata, ni kaina ban iya rabewa. Ina tsoron abin da zai sami ɗana, kuma ina jin ciwon mijinki. Duka biyun suna nan, ba zan yi miki ƙarya ba.”

Da ta ce tausayi ne zalla da ban yarda ba.

Na ci tuwonta da magariba. Miyar kuka ce, daddawa ta ji. Na yi ta ci ina hawaye, ashe yunwa nake ji haka.

Talata, da hantsi

Maigida ya ce a kira masa Muntaka, a kira Malam Hashimu kuma ya zama shaida. Na ce to, amma ni ba zan zauna ba. Bai tilasta mini ba.

Na tafi lunguna. Ban ji abin da aka faɗa ba, sai muryar maigida ƙasa-ƙasa, can sai kukan namiji babba, irin wanda ba ya fita da sauƙi. Na toshe kunnuwana, amma na ji.

Da suka fita na koma. Ya gaji ƙwarai. Na ce, shi ke nan, ka yafe? Ya ce ya yafe tun yana goye a bayansa, yau dai ya faɗa masa ne. Na ce ni ban iya ba.

Ya ce, “Saratu, ni fa bawa ne aka fanshe ni, ban biya kowa komai ba. Sau biyu ma, in kin haɗa da na Ubangiji. Da wane hannu zan riƙe wani? Ke kuma ban ce ki yi yau ba. Kada dai ki rufe ƙofa.”

Laraba, da magariba

Ba ya gane ni sosai. Yana magana da mahaifiyarsa da wata irin Hausa ta yara. Inno ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta tana amsa masa, na'am, ga ni, ga ni nan. Ya natsu.

Na gode da ya sami mai amsawa.

Alhamis, bayan azahar

Ya cika.

Jumma'a, da la'asar

An yi ta shawara a zaure kan inda za a sa shi. Maƙabartar gari ta Musulmi ce, Malam Hashimu ya yi mini bayani da tausasawa, na ce na gane. Wani ya ce a kai shi bakin daji. Sai aka aiko mini cewa Muntaka ya riga ya fita tun asuba da gatari da fartanya, shi kaɗai, ba baka ba rakiya, yana haƙa a cikin gonarsa ta hanyar Yasore. Ƙasar bazara ce, tauri kamar dutse. Da aka kai gawar hannuwansa duk sun fashe.

Inno ta ba da farin ƙyallen da ta ajiye wa kanta. Maza suka ɗauke shi, suka buɗe ƙofar yamma. Malam ya ce ba zai yi masa salla ba, amma zai tsaya. Ya tsaya, mutanensa suka tsaya a bayansa cikin rana, ni kuma na yi karatun da muke yi wa matattunmu, cewa wanda ya ba da gaskiya ko ya mutu zai rayu. Muryata ta ƙi a tsakiya. Ba wanda ya motsa har ta dawo.

A Lakwaja da majami'a ta cika. A nan ni kaɗai ce na san waƙar, na rera ita kaɗai. Amma ba a jefar da shi ba, kuma ban tsaya ni ɗaya ba. Na gode wa Allah, na gode wa mutanen Batsari.

Ban dubi mai haƙan ba.

Lahadi

Mata suna ta zuwa gaisuwa. Wannan da hatsi, wannan da nono, wata tsohuwa ta kawo ƙwai a gefen zane. Ba su san shi ba, ba su da abin faɗa a kansa sai Allah ya ba da haƙuri. Ina amsawa.

Talata, da hantsi

Mai gari ya ce jinin baƙo ba a rufe shi a gida, sai an kai gaban alƙali a Safana. An zo tafiya da Muntaka jiya. Bai jira a kama shi ba, shi ya miƙa hannu. An ce ni ma sai na je, don ni ce mai haƙƙi.

Maijidda ta shigo ɗakina da goyonta, ta durƙusa ta kama ƙafata. Idan aka ɗora musu diyya cikakkiya, gona da awaki da rumbu duk ba za su isa ba, ta ce ba ta san abin da za a sayar bayan su ba. Inno ta leƙo ta ce ta tashi ta bar ni, ba a matsa wa mai takaba. Ita Inno har yau ba ta roƙe ni da kalma ɗaya ba. Da ta roƙa da ya fi mini sauƙi.

Yaron Maijidda ya miƙo hannu yana jan ɗankwalina. Yana da wushirya irin ta Talatu.

Safana. Alhamis, da magariba

Mun iso a gajiye, ni a kan jaki, Malam Hashimu da 'yan rakiya a ƙasa. Mun bi ta gefen daji, kowa yana waige. Mun wuce wani ƙauye da aka ƙona, ban tambaya ba, ba wanda ya yi bayani. An sauke ni gidan wata ƙanwar Malam. Ta dafa mini ruwan wanka ba ta tambayi ko ni wace ce ba.

Asabar, da la'asar

An yi shari'a yau da hantsi. Alƙali dattijo ne siriri mai ciwon ido. An shigo da Muntaka da marin ƙarfe a ƙafa, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Bai musa komai ba. Malam ya ba da shaidar kuwwar da aka yi ran nan, da almuru, da kiran da aka yi da baƙon harshe, ya kuma shaida cewa mamacin ya yafe da bakinsa a gabansa. Alƙali ya ce kuskure ne ba ganganci ba, babu kisa, sai diyya a kan dangi. Sannan ya juyo inda nake zaune ya ce, ke fa?

Na ce na yafe nawa.

Ya tambaya ko wani ya tilasta mini, na ce a'a. Ya tambaya ko addininmu ne ya ce haka. Na ce wanda muke bi ya roƙa wa masu kashe shi gafara tun yana kan itacen, mijina kuma ya bi sawunsa, ni ce ta baya. Alƙali ya ce su ba haka suka karanta labarin Annabi Isa ba, amma yafiya a wurinsu ma babbar aba ce, Allah ya saka mini. Ya ce rabon marainiya dai ba nawa ba ne balle in yafe, dangin Muntaka za su haɗa mata abin da ya yanka, ya kuma sassauta. Aka kwance marin.

Mutane suna ta sa mini albarka a waje. Ni kuwa na san bakina ya riga zuciyata. Na faɗa don na san shi ne daidai, ba don na ji shi ba. Na gaya wa Ubangiji haka, na ce ga abin da nake da shi, ya cika sauran.

Batsari. Talata, da safe

Ruwa ya sauka jiya, mai yawa. Ƙanshin ƙasa ya shigo har ɗaki. Kowa ya fita shuka, an ma manta da kuwwa. Da yana nan da ya fita tsakar gida ya tsaya a ciki kamar yaro.

Alhamis, da azahar

Muntaka bai fita shuka ba. Tun dawowarmu yana kwance a rumfar bayan gida, fuskarsa a zana. Maijidda ta kai abinci ta dawo da shi. Inno ta kai ta dawo da shi. Malam ya zo ya yi masa nasiha, ya ce an yafe masa a ƙasa, ya nemi ta sama ya tashi. Ya ce to, bai tashi ba.

Na ji Inno tana cewa Maijidda, a hankali don kada in ji, wai ƙofar nan za ta cinye mata na biyu.

Na ce a raina ai na yi nawa. Na je har Safana. Me kuma ake nema a wurina?

Ba wanda ya nemi komai. Wannan ne abin.

Jumma'a, da magariba

Da la'asar na dama kunu. Ban shirya ba, na ga dai hannuna yana yi. Na ɗauki ƙwaryar na zagaya bayan gida.

Na yi sallama. Da ya ji muryata ya yunƙura zai durƙusa, jiri ya mai da shi. Na ajiye ƙwaryar a gabansa na zauna nesa kaɗan. Yau ne na fara duban fuskarsa sosai. Ashe yaro ne, ba zai girmi ƙanena ba.

Na ce ya sha. Ya ce ba ya iyawa, duk abin da ya kai baki sai ya ga mutumin yana ɗaga hannu. Na ce ni ma ina ganinsa, amma ina ci. Na ce mijina bai yafe masa don ya kwanta ya bi shi ba, kuma ni ba zan iya komawa Lakwaja in ce wa 'yata an yi kabari biyu ba.

 Na zaci ba zai sake magana ba, har na fara tattara zane. Sai ya ce, “Yaya, ban san shi ba. Na goya shi, na haƙa masa, amma ban san shi ba. Wane irin mutum ne?”

Tun da aka rufe shi ba wanda ya yi mini wannan tambayar.

Na koma na zauna. Na ce mutum ne da bai iya ciniki ba, idan tsohuwa ta taya goro sai ya rage mata ƙasa da yadda ta taya. Na ce yana minshari har maƙwabta sun taɓa bugo ƙofa. Na ce ya yi shekaru a bakin Kwara amma tsoron kwalekwale yake, ranar da ya zo neman aurena a ƙetare ya kwanta rub da ciki a cikin jirgin, ya rufe ido, yana ta waƙar majami'a da ƙarfi har masu tuƙi suka roƙe shi ya yi shiru. Ya fito da riga jiƙe, ya durƙusa gaban mahaifiyata yana karkarwa, ta zaci zazzaɓi ne ta ba shi magani mai ɗaci, ya shanye don kunya.

Ina faɗin wannan sai na ji ina dariya. Daga dariyar na wuce kuka, ban san inda ɗaya ta ƙare ba. Shi ma haka. Na yi ta ba shi labari, na Talatu da yadda ubanta yake ɗora ta a wuya, na hular Nufawan nan da na sha ce masa ba ta yi masa kyau. Ban ji ina neman wurin da zan soke shi da magana ba. Na duba cikina na nema, ban samu ba.

Ban ga lokacin da ya ɗauki ludayin ba. Da na lura ya kusa rabi. Ya ce ko gobe zan ƙara ba shi labari. Na ce sai in ya dawo daga gona, akwai gero da ke jiran shuka, kuma ina so a bar fili kewaye da kabarin. Ya ce za a bari.

Na ɗauki ƙwaryar na dawo tsakar gida. Inno tana durƙushe bakin murhu, ta ba ni baya, tana ta hura wutar da ta riga ta kama.